Tocila Mai Taku Ɗari Shida

Bana ma ruwa ya zo da ƙarfinsa. Tun farkon watan jiya motocin Gashua ke shigowa Nguru da taɓo har saman taya, kowane direba da labarin gonar da ta nutse. A irin wannan lokaci kasuwar tocila takan buɗe, ni kuwa sana'ata ke nan, gyara da sayarwa, a wata 'yar rumfa da ke bayan 'yan kifi. Shekaranjiya wani manomi ya tsaya ya ce in ba shi wadda ta fi kowace nisan haske. Na miƙa masa, ya kunna a tafin hannunsa da rana tsaka kamar yadda kowa ke yi, wai gwadawa yake. Na tambaye shi ko a kan ruwa zai yi aiki da ita. Ya ce ina ruwana. Da gaskiyarsa, na sallame shi, amma har na rufe rumfa hankalina na kan tudun Baba Gambo.

Sunana Habu. Kakana daga Haɗeja ya zo Nguru da fatauci, kuma duk zuriyarsa babu wanda ya iya iyo. Mu dai kifi a faranti muka san shi. Sai Allah ya haɗa ni da Adama, 'yar wani masunci kuma manomin shinkafa a wani ƙauye gaba da Dagona kaɗan. Baba Gambo, mahaifinta, bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Bai ma taɓa gaya mini wata magana ba in ban da amsa gaisuwa, saboda kunyar surukuta a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ina durƙushe a gabansa zai dubi 'yarsa ya ce, "Gaya wa ɗan Nguru ya ci abinci." Ni ma ta bakinta nake amsawa. Shekara shida muna haka, kuma a zuciyata na san kallon da yake yi mini: mutumin kirki ne, amma in ruwa ya zo sai an ɗauke shi kamar buhu.

Lokacin ne ƙananan ƙwayayen tocilar nan masu farin haske suka fara shigowa kasuwa, yau shekara goma sha biyar ke nan ko fiye kaɗan. Mutane na sayen tocila mai ƙwai goma sha biyu, suna murna ta cika ɗaki da haske, ni kuwa na lura ba ta zuwa ko'ina. Hasken fantsama yake, taku talatin ya mutu. Abin ya shiga raina har ya hana ni barcin rana. Na samo ƙwai guda ɗaya mai ƙarfi, na dasa shi a kan wani guntun ƙarfe don ya riƙa shan zafinsa, domin biyun farko da na gwada sun ƙone a hannuna. Na ciro ɗan kwanon nan mai ƙyalli daga fitilar wani tsohon babur, mai zurfi, na goge shi da toka da tsumma har ina ganin haƙorana a ciki. Gangar jikin kuwa tsohuwar tocilar ƙarfe ce mai cin batir uku manya.

Wahalar duka tana wurin zaman ƙwan a cikin kwano. Ka tura shi gaba da kaurin tsinken ashana, haske ya baje. Ka ja shi baya, baƙin rami ya fito a tsakiya. Sai in tsaya taku goma daga bangon ɗakinmu, in haska, Adama ta auna mini faɗin da'irar da hannunta. Taƙi bakwai, taƙi biyar, taƙi huɗu. Iya ƙanƙantar da'irar, iya nisan da hasken zai yi. Ranar da ta ce taƙi biyu da yatsu uku na yi tsalle har hulata ta faɗi, ita kuwa ta ce ko ranar sunan 'yarmu ba ta ga na yi haka ba.

Awon nisa kuma a layin dogo nake yi, bayan tasha, inda hanya ta miƙe babu gida babu bishiya. Bayan sallar isha'i sai in rataya farin buhu a jikin sanda, in yi tafiya ina ƙirga taku, in juyo in haska. Muddin ina ganin buhun, ban tsaya ba. Tocilar kanti mafi kyau a lokacin takan sare a taku ɗari da hamsin. Tawa sai da na ƙirga ɗari shida buhun yana nan, fari, ɗan mitsitsi. Na maimaita sau uku a darare daban-daban don kada in yaudari kaina. A nan na yanke shawarar ta Baba Gambo ce, in ya riƙe ta ya san ɗan Nguru ma yana da abin da ya iya.

Ƙarshen damina ne muka tafi. Shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauko, ƙanin Adama da ke taya tsohon tsaro ya kwanta rashin lafiya a Gashua. Muka bar yara wurin mahaifiyata muka je taya shi korar tsuntsu na mako guda. Gonar tana can cikin fadama, tafiyar sa'a guda da rabi a kwale-kwale, ta wata siririyar hanya tsakanin ciyawar kachalla da ta fi mutum biyu tsayi. A tsakiyar gonar akwai tudu da bukka ɗaya da wata bishiyar giyayya. Gabas da tudun kuma babban tafki ne wanda aka hana kamun kifi a cikinsa saboda tsuntsaye. Na miƙa tocilar ta hannun Adama. Tsohon ya juya ta, ya auna nauyinta, ya ce, "Gaya masa an gode." Ya soke ta a jinkar bukka, bai kunna ba.

Kwana biyun farko aiki ne kawai. Tun asuba muna jan igiyoyin da aka ɗaura wa gwangwanaye, muna ihu har murya ta dushe. Ni a gindin giyayya nake kwana, su biyu a bukka. Rana ta uku Baba ya shiga ruwa duba komarsa, ya taka kifin kurungu, ƙayarsa ta shige masa tafin ƙafar hagu ta karye a ciki. Ya ciro abin da ya iya da wuƙa, ya ɗaure da tsumma, ya ce wannan ai cizon sauro ne. Da yammacin ranar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, ya kwana yana zuba. Da gari ya waye babu gona. Kawunan shinkafa kawai ke leƙowa nan da can. Ƙasar da aka kafa turken kwale-kwale ta jiƙe ta saki, jirgin ya tafi da turkensa.

Ba ruwan saman kaɗai ba ne, kogi ne ya kawo daga sama ya haɗu da shi. Adama ta ce za ta gwada iyo zuwa ƙauye. Baba ya ce ko shi da ƙafa biyu ba zai shiga wannan igiyar ruwan ba, balle cikin kachalla, inda ciyawa ke naɗe ƙafar mutum. Ba ta sake tayar da maganar ba. Wayata ce kaɗai a tudun, ita ma ruwa ya shiga cikinta a aljihuna tun daren. Ashana ta zama kunu, itace duk ya jiƙe. Mutanen ƙauye kuwa, daga baya muka ji, suna can suna cika buhuna da ƙasa don tare gidajensu, kuma kowa ya san Baba Gambo yana da jirgi, ba a neman irinsa.

Da yake awo ya zame mini jiki, na auna tudun. Taku arba'in da ɗaya daga bakin ruwa zuwa bakin ruwa. Washegari talatin da huɗu. Duk abin da ke da rai a fadamar nan ya hawo tare da mu: ɓeraye, kwaɗi, tururuwa a dunƙule, da wani maciji da ya naɗe a reshen giyayya, muka yi kamar ba mu ga juna ba. Rana in ta fito sai ƙasa ta yi tururi, tufafi ba sa bushewa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Da yamma sauro ya sauko har kana shaƙarsa. Abincinmu ɗan garin gero ne da ƙuli-ƙuli, Adama na dama garin da ruwan da ta tace da ɗankwalinta. Da ya kusa ƙarewa ta riƙa shiga ruwa iya ƙugu tana tono bado, muna ci ɗanye. Har yau in na ga bado a kasuwa sai yawuna ya tsinke, ba don marmari ba.

Yunwa ba ita ce damuwar ba, ƙafar ce. A rana ta biyu da maƙalewarmu ta kumbura har idon sawu, zazzaɓi ya kwantar da Baba a cikin bukka. Ni ba na shiga. Suruki yana kwance ba riga, yana nishi, ina ni ina tsayawa a kansa? Daga ƙofa nake gaishe shi, Adama ta fito ta gaya mini abin da ake ciki. Kullum sai ta nuna mini a ƙafarta inda kumburin ya kai, kullum yatsanta na ƙara hawa.

Da rana ba jirgin da ke biyowa ta wajen. Amma a yammacin farko na maƙalewarmu, bayan magariba, na hango wasu ƙananan fitilu jajaye can gabas a kan tafkin, huɗu ko biyar, suna tafiya a hankali. Masunta ne. Na ce yau ranar tocilata ce. Na zaro ta daga jinka, na tsaya a bakin ruwa na kunna. Wallahi ko ni sai da na ji tsoronta. Hasken ya miƙe a kan ruwa siriri, fari tas, kamar an shimfiɗa gora. Na ɗora shi a kan fitila mafi kusa, na buɗe murya iya ƙarfina: "Kai! Ku tsaya! Ku zo nan!"

Fitilar ta mutu. Ta biyu ma ta mutu. Kafin in ƙirga goma tafkin ya yi duhu gaba ɗaya.

Na gaya wa kaina nisa ne. Sun fi taku ɗari shida, in ji ni, ba su gan ni ba, sun dai shige bayan kachalla ne. Abin da na gaya wa Adama ke nan da ta leƙo daga bukka, ita kuma abin da ta gaya wa mahaifinta ke nan: an haska, ba su gani ba. Washegari na yini ina gyara. Na kwance kan tocilar, na goge kwanon da gefen rigata, na daidaita ƙwan, na sa sababbin batir ɗin da na zo da su. Na auna a jikin giyayya, da'irar ta ƙara matsewa. Da magariba fitilu suka fito, na hau reshen ƙasa na bishiyar don in sami tsawo, na haska, na yi ihu. Suka mutu da sauri fiye da jiya. Yamma ta uku fitilu biyu kawai suka fito, kuma can nesa. Na zage su a raina, na ce mutanen ruwa ba su da imani.

Rana ta huɗu tudun ya koma taku ashirin da biyu. Ƙafar ta fara wari, ana jinsa daga waje. Da la'asar Baba ya ce bukka ta ishe shi, a fitar da shi ya sha iska. Adama ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, dole na shiga. Ranar na fara taɓa jikin surukina, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Muka jingina shi a ƙofar bukka yana fuskantar gabas. Ni ko kallon ƙafar ban iya yi sau biyu ba, ta yi baƙi har ƙwauri.

Magariba ta yi, fitilu uku suka fito. Na je bakin ruwa na kunna, na fara ihuna. Suka mutu. Sai na ji murya a bayana.

"Habu."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na juyo, tocilar na hannuna.

"Haka kake yi kullum?"

"Haka nake yi, Baba."

Ya rufe ido. Sannan ya ce, a hankali, da irin Hausarsa ta mutanen ruwa, "Yaro, wurin nan an hana su. Waɗannan da kake gani satar shiga suke, don yaransu su ci. A duk fadamar nan mutum iri ɗaya ne ke da farar wuta mai tafiya haka, yana cewa ku tsaya. Masu gadin tafki. In sun kama ka, koma ta tafi, jirgi ya tafi. Ni ma da ina cikinsu da na kashe fitilata."

Adama ta dafe kai da hannu biyu. Ita ma 'yar ruwa ce, da ta ga abin da idonta da ta gane tun ranar farko, amma kullum a wannan lokacin tana ciki tana kore wa mahaifinta sauro. Ni kuwa na zauna a cikin taɓo. Kwana huɗu ina korar masu cetonmu, kullum ina ƙara wasa abin korar. Da na shiga bukkar nan ranar farko na ce, "Baba, ga abin da na gani," da magana ta ƙare a nan.

"To yaya za a yi, Baba?" Adama ce ta tambaya.

"A rage mata ido," in ji shi. "Ta zama kamar ta talaka."

Daren bai ƙara fitar da fitila ko ɗaya ba. Da safe na zauna a gindin giyayya na kwance tocilar. Na ciro kwanon da na yi wata biyu ina gogewa, na sa a aljihu. Ba kwano, haske ya baje, amma har yanzu fari ne, kuma Baba ya ce fari ba zai yi ba. Akwai ragowar goro guda ɗaya a aljihun rigarsa. Adama ta tauna shi sosai, ta shafe gilashin da tuƙar goron, muka shanya, ta sake shafawa, har sau uku. Da na kunna a cikin bukka sai ga wani haske ja-ja, raunanne, irin na tocilar da nake ce wa mutane su jefar su sayi sabuwa. A layin dogo ba za ta kai taku ashirin ba. Na ce, "Baba, wannan ai ba za ta kai gare su ba."

Ya ce, "Ba kai za ka gan su ba. Su za su gan ka."

Yinin nan ya fi duk sauran tsawo. Baba ya fara magana da mutanen da ba sa nan, yana kiran matarsa da ta rasu. Kafin hankalinsa ya gushe ya koya mini: in tsuguna daidai ruwa, in sauke fitilar ƙasa, in ɗaga, in sauke, a hankali, yadda mai jirgi ke yi in komarsa ta sarƙe yana neman hannu. Kuma kada in buɗe bakina, Hausata ta 'yan birni ce. Bayan magariba fitila ɗaya ta fito, ita kaɗai, can nesa. Na tsuguna ruwa har gwiwa, sauro na cin fuskata, ina ɗagawa ina saukewa. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, hannuna ya mutu na canja ɗayan. Fitilar ba ta mutu ba. Ta tsaya wuri ɗaya, ta daɗe, sannan ta fara girma. Da ta matso Adama ta yi kira da yarensu, wata murya ta amsa. Na kife fuskata a gwiwa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Mai jirgin wani dattijo ne da ya san Baba tun suna samari. Yana tuƙi yana ba Adama labari, wai kwana huɗu ke nan masu gadi sun kafa sansani a tudun nan da wata muguwar fitila, kowa ya ƙaurace wa gabas. Ba wanda ya gyara masa zance. Kafin azahar ta washegari muna asibiti a Gashua. Sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ceci ransa, amma ƙafar sai da aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ba likitan da ya ce mini da kun zo da wuri. Ba sai an faɗa ba, ni mai ƙirga ne.

Baba Gambo ya yi shekara bakwai bayan haka, da sanda a hammata. Bai ƙara shiga jirgi ba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ya zage ni. Abu ɗaya dai ya canja: ya daina aiko mini da magana ta bakin 'yarsa. In na je sai ya ce, "Habu, zauna nan," mu zauna a dakalin ƙofar gidansa, wanda ke kallon gangaren da ya sauka zuwa ruwa.

Wata yamma, shekara biyu bayan abin, ya ce, "Wutar nan taka, taku nawa ka ce tana yi?"

"Ɗari shida, Baba, in da kwanonta."

"Daga nan zuwa bakin ruwa fa?"

Na tashi na auna, na dawo. "Ɗari bakwai da goma."

Ya ce, "Uhm." Na gane. Idonsa ya fara rauni, gangaren kuma ba ya saukuwa da sanda, mutumin da ya yi shekara sittin a kan ruwa yana jin ƙamshinsa kawai. Na koma Nguru na shiga aiki. Na samo ƙwai mafi ƙarfi, na nemo kwano mafi faɗi, na ƙara gilashi mai tudu irin na masu gyaran agogo. Damina guda da rani guda ina zarya a layin dogo da farin buhuna, har ranar da na ƙirga ɗari takwas.

Na kai masa ita a farkon kaka. Muka yi sallar magariba, muka zauna a dakali. Can ƙasa fitilun masunta sun fara fitowa. Na sa masa ita a hannu, na nuna masa makunnin. Ya kunna. Hasken ya sauka gangaren, ya wuce turakun jirage, ya kwanta a kan ruwa, ana ganin ƙananan igiyoyi suna ƙyalli da kan kachalla yana kaɗawa. Na ji ya ja numfashi. Bai fi ƙirgen biyar ba fitilar farko ta mutu, ta biyu ta bi ta.

Ya kashe, ya miƙo mini. "Ta kai, Habu. Na gani. Ajiye ta, mutane na neman abinci."

Muka zauna a duhu, kafaɗarsa na taɓa tawa, muna jira. Da aka jima fitila ɗaya ta kama, sai wata kusa da ita. Yana ƙirga su a hankali yana gaya mini jirgin wane ne kowace.